Kwanon Gidan Manu

A unguwar su Munkaila, can bayan tashar Matameye, har yau maza ba su bar ciyayya ba. Da an sallame magariba kowane magidanci zai shiga gida ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Bawa, a jera kwanuka a tsakiya, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. Dokar wurin ba a rubuce take ba, amma duk wanda ya tashi a unguwar ya san ta. Kwanon da aka cinye tas, gidan da ya fito yana da mutunci. Wanda aka ɗan taɓa aka ture gefe, akwai 'yar magana a ƙasa. Wanda kuwa aka ƙi buɗewa sam, tsofaffi sun ce sau ɗaya aka taɓa yin haka, ga wani da ya sayar da gonar marayu, kuma mutumin bai ƙara damina a garin ba.

Shekara bakwai kwanon gidan Manu ne ake fara kai wa hannu. Manu kansa ba wani abin a zo a gani ba ne: siriri, marar magana, da an gama girbi ya wuce Kano tura kurar ruwa, sai hadari ya fara haɗuwa ya dawo gona. Bai da shago, bai je Makka ba, ba a neman shawararsa. Amma in aka buɗe kwanonsa, har Alhaji Bawa gyara zama yake yi. Tuwon gero mai laushi, babu gudaji ko ɗaya, miyar kuka da daddawa ta ji ta. Sai ka ji ana cewa, "Manu, Allah Ya yi wa hannun Baiwa albarka." Manu ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wannan yabon shi ne duk girman da yake da shi a duniya, kuma yana riƙe da shi da kyau.

Abin da bai sani ba, hannun matarsa Baiwa ya daɗe da barin muciya. Munkaila, ɗansu na fari, yana da shekara goma sha biyu amalanken jaki ya kife da ita a hanyar Tsauni. Kafaɗar dama ta goce, mai ɗori ya yi iyakar yinsa, amma hannun bai ƙara iya tuƙa tukunya ba. Manu na Kano, ƙanwar Munkaila, Najaha, kuwa ko tsintsiya ba ta iya riƙewa ba tukuna. Wata rana yaron ya dawo daga lakwal, makarantar boko, ya tarar da uwarsa tana kuka a gaban murhu, talge na tafasa yana neman ƙonewa. Ya ajiye jaka ya karɓi muciyar. Ita ta zauna tana faɗa, shi yana yi: yadda ake barbaɗa gari, yadda ake danne tukunya, lokacin da za a rufe ya sulala, yadda ake jiƙa mara a kwashe. Kafin Manu ya dawo, yaro ya fi uwarsa.

Suka rufe maganar tsakaninsu. Ɓoyewar ba wuya, don namijin unguwar nan zai shekara hamsin yana lashe yatsa bai taɓa leƙa madafa ya ga wane ne ke shan hayaƙi ba. Munkaila na tuƙawa a bayan zana, Baiwa ta ɗauka da hannun hagu ta kai wa mai gidanta, ta durƙusa ta ajiye ta ce, "A ci lafiya." Haka yaron ya tashi yana gani kullum, har ya zama a wurinsa haka ake ajiye abinci, babu wata hanya.

Ga kan karatu kuma. Ya wuce koleji, ya wuce lise, ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, tun zaman farko, shi ne na farko a zuriyarsu. Ranar da zai tafi Damagaram, wata babbar makaranta da aka ba shi gurbi, Manu ya rako shi har tasha, ya tsaya yana kallon mota har ta ɓace. An ga yana share ido da hannun riga.

Makarantar ba ta yi kama da abin da Munkaila ya yi ta zanawa a ransa ba. Ɗakin mutum huɗu su tara ke ciki. Amfi, babban ɗakin darasi, in ba ka zo tun da asuba ba sai ka zauna a taga, kana jin muryar malami kamar daga wata unguwa. Sati biyu da farawa malamai suka shiga yajin aiki, suna dawowa ɗalibai suka shiga nasu. Famfo ya kawo ruwa yau, ya yi kwana uku yana tari. A resto, ɗakin cin abincin ɗalibai, za ka yi awa guda a layi cikin rana, a zuba maka shinkafa da wani jan ruwa wanda sai an rantse kafin ka yarda miya ce. Munkaila ya rame, ya yi baƙin ciki, ya ji kewar gida har cikin ƙashinsa. Sau da yawa yakan tambayi kansa ko wannan ne abin da ya yi shekara goma sha uku yana wahala a kai.

Yunwa ce ta tona shi. Baiwa takan ba direba saƙo ran kasuwa: garin gero, kuka, daddawa, barkono. Wata Juma'a Munkaila ya ari tukunya da ƙaramin gas, ya yi wa 'yan ɗakinsu tuwo. Suka zagaye faranti ɗaya, aka yi shiru, ba ka jin komai sai haɗiya. Daga ranar ya zama ka'ida, kowace Juma'a bayan masallaci. Ko Sa'adu, ɗan Alhaji Bawa, wanda ke shekara ta uku kuma shi ne shugaban ɗaliban yankinsu, shi ke cewa wane zai kwana a wane ɗaki, ba ya fashin zuwa.

A cikin masu cin akwai Fahad, ɗan Dawce, mai gadon da ke saman na Munkaila. Yaro ne mai saurin dariya, yakan kama masa wuri a amfi, in Munkaila ya yi zazzaɓi ya kwafa masa darasi. Akwai abin da Munkaila ya sani game da kansa tun yana lise, bai taɓa sa masa suna ba ko a cikin sujada. Yana son Fahad, kuma ba irin son da ake yi wa aboki ba. Bai faɗa ba, bai nuna ba, bai da niyyar yin ko ɗaya. Iyakarsa ya tura masa malmala mafi laushi gabansa, ya ji daɗi in ya ga ya ƙoshi. Wannan ɗin ma yana tsoronsa.

Tsoron ba na banza ba ne. A wata na uku aka ce an kama wani ɗalibi mai suna Rabi'u a ginin da ke kallon nasu, wai yana neman maza. An ce an ga saƙo a wayarsa, amma duk wanda ka tambaya sai ya ce wani ne ya gani. Da rana tsaka aka yi abin. Munkaila na tsaye a taga ya ga ana jefo kaya daga bene, ya ga bel a hannun mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci, ya ga Rabi'u na gudu da takalmi ɗaya, jini a bayan rigarsa. Ba a ƙara ganinsa ba, ba wanda ya ƙara ambatonsa. Ranar Juma'a ce. Sa'adu ya shigo ɗaki yana haki, ya wanke ƙurar hannunsa, ya zauna gaban faranti.

Ya ce, "Irin waɗannan ba a barinsu su kwana a cikin mutane. Munkaila, ƙaro miya."

Munkaila ya ƙara miya, yana roƙon Allah kada kowa ya dubi fuskarsa.

Kuskuren da ya yi ƙarami ne, har in aka ba ka labari sai ka yi dariya. Lokacin bazara ne, ɗaki kamar tanda. Ya dawo daga Juma'a da wandonsa mai kyau guda ɗaya tak, don kada talge ya ɓata shi sai ya ɗaura zanen rufarsa a ƙugu. Ya gama, ya ɗauko faranti da hannu biyu, hankalinsa na can gida. Ya zo gabansu ya durƙusa gwiwa biyu, ya ajiye, ya ce, "A ci lafiya."

Aka fashe da dariya. Fahad ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wallahi da mace ce kai, da ban bari wani ya riga ni ba." Sa'adu na riƙe da waya yana ɗaukar hoton bidiyo. Wataƙila a lokacin wasa yake yi, Allah ne masani. Abin da aka tabbatar shi ne sun cinye farantin tas, har da suɗe gefe.

Bayan kwana uku hoton ya zaga makaranta, an sa masa kiɗa, an rubuta kalma ɗaya a ƙasa: ɗan daudu. Daga nan kalmar ta haifi 'ya'ya. A layin resto ana ce masa Hajiya. A amfi in ya zauna, sai benci ya yi fili hagu da dama, a wurin da mutane ke zama a taga. Wani ya ce ai tun farko ya lura da tafiyarsa, wani ya ce muryarsa, wani ya ce ai ba banza ba yake ciyar da maza kyauta. Mutanen da jiya ba su san sunansa ba, yau kowa na da shaida.

Da Juma'a ta zagayo ya yi tuwo duk da haka, don yana ganin in bai yi ba kamar ya amsa laifi ne. A tsaye ya ajiye farantin. Mutum takwas suka zuba masa ido, babu wanda ya tashi wanke hannu. Munkaila bai dubi kowa ba sai Fahad. Shi ma Fahad an fara haɗa sunansa da maganar, kuma ya ga abin da aka yi wa Rabi'u. Ya kau da kai, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Ni na ƙoshi. Dama ba mu san abin da ake zuba mana a ciki ba."

Da yamma Fahad ya kwashe kayansa ya koma wani ɗaki. Wannan ya fi komai yi wa Munkaila ciwo, kuma babu wanda zai gaya wa. Ya je wurin mai kula da gidan kwanan ɗalibai ya kai kuka, mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce ya je ya gyara halinsa, ba za a taɓa shi ba. Wata tsakar rana ya dawo daga darasi ya tarar da katifarsa a waje, an jiƙa ta da ruwan wanki, an karya muciyarsa biyu an ɗora a kai.

Ya daure har aka gama jarrabawa, yana kwana a barandar wani ɗakin darasi. Duka bai zo ba, kuma jiran dukan ya fi dukan wuya. Addu'arsa ɗaya ce: duk abin da za a yi masa a yi a Damagaram, kada ya bi hanyar Matameye, kada ya kai tabarmar ƙofar gidan Alhaji Bawa inda ubansa ke zama. Ranar da zai tafi hutu ya gamu da Sa'adu a bakin ƙofar makaranta. Sa'adu ya yi murmushi.

"Ka gaida min Baba Manu. Ni ma ina nan tafe, ran kasuwa."

Ya tarar da damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, Manu ya dawo daga Kano. Najaha ce ke tuƙi yanzu, yarinyar da hannunta bai yi ƙwari ba, tuwo duk gudaji. Kwanon gidan yakan dawo rabi, maza na tsokanar Manu wai hannun Baiwa ya tsufa. Baiwa ta yi murna da dawowar ɗanta har ta kasa zama, tun ranar farko ta nuna masa tukunya da ido. Ya ce kansa na ciwo. Washegari ya ce ya gaji da noma. Ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara taɓa muciya ba har ya mutu. Uwar ba ta tambaya ba, ta dai riƙa binsa da kallo.

Ran kasuwa ya fita da hantsi sayo gishiri da mai. Motar Damagaram ta riga ta iso. Tun daga tasha ya ji garin ya canza masa. Samarin da ke zaune kan babura sun haɗa kai kan waya ɗaya, da ya yi sallama mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma a ciki. Mai shayin da ya san shi tun yana yaro ya zuba masa a wani tsohon kofi da ya ciro daga ƙarƙashin tebur, da ya sha ya miƙa, mutumin ya ce ya ajiye a ƙasa. A bayansa wani ya siranta murya ya ce, "A ci lafiya." Bai waiwaya ba. Ya kama hanyar gida.

Da la'asar ya ji ƙarar faɗuwar murfi a madafa. Najaha ta ƙone hannu da talge, tana kuka a gefe. Baiwa ta kama muciya da hagu, ta danne tukunya da ƙafa, tana ƙoƙari, tukunyar na zamewa, hawaye na zuba a fuskarta. Daidai yadda ya tarar da ita shekara bakwai da suka wuce.

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai, babanka zai fita hannu sake yau."

Ya san abin da ke jira a waje. Ya kuma san kwanon da bai fita ba shi ma magana ne. Ya miƙa hannu ya ce, "Kawo, Inna." Tuwon da ya tuƙa ranar bai taɓa yin mai kyansa ba.

Aka sallame magariba. Manu ya shigo, Baiwa ta durƙusa ta miƙa, ya ɗan ɗaga murfi ya shaƙi ƙamshi, fuskarsa ta washe. Tun safe yana gona, bai ji komai ba. Ya fita da kwanonsa yana sauri kamar mai kai albishir.

Munkaila ya zauna a tsakar gida ya jingina da katanga. Daga nan ana jin ƙofar gidan Alhaji Bawa: ƙarar murafe, tari, gardamar ruwan sama da takin zamani, dariyar da ake yi kullum. Yau babu. An buɗe kwanuka, ya ji, amma ba a magana. Can sai wata 'yar ƙarar waya ta tashi, da kiɗa, kuma a cikin kiɗan ya ji muryarsa. Aka maimaita. Aka sake maimaitawa. Baiwa ta fito daga ɗaki ta tsaya riƙe da kafaɗarta.

Ba a kira isha'i ba Manu ya dawo. Bai shigo ciki ba, ya zauna a zaure ya kira ɗansa. Kwanon na gabansa, murfin na nan yadda ya fita da shi, ba wanda ya taɓa. Munkaila ya tsuguna daga nesa.

Manu ya ce, "Wa ya tuƙa wannan?"

Baiwa ta amsa daga bayan ƙofa, "Ni ce, Malam."

"Ba ke na tambaya ba."

"Ni ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun faɗuwar Inna a hanyar Tsauni."

Manu ya dubi kwanon ya daɗe. Duk albarkar da aka sa masa a tabarmar can, duk murmushin da ya yi, yanzu ya san daga hannun wa suka fito. Ya share fuska da tafi.

"Sauran abin da suke faɗa fa?"

Da Munkaila ya rantse, da ubansa ya yarda, ya san haka. Amma ya kasa yi wa wannan mutumin rantsuwa kan abin da ke cikin zuciyarsa. Ya faɗi iyakar abin da zai iya tsayawa a kai gaban Allah.

"Ban taɓa kowa ba, Baba. Ban taɓa yi wa kowa komai ba."

Manu ya ɗago ya dube shi. Mutum ne da ya shekara ashirin yana shiga gidajen mutane da ruwa, ya iya jin abin da ba a faɗa ba. Munkaila ya ga ya ji. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar Rabi'u, don a can jikinsa yake ji wa tsoro, a nan kuwa ubansa ne zai rasa.

Sai aka yi sallama a waje. Muryar Alhaji Bawa ce, a sanyaye, babu faɗa a cikinta.

"Manu, fito. Jama'a na son magana da kai. Ka fito da yaron."

Manu ya miƙa hannu ya jawo butar da ke gefen ƙofa, ya wanke hannun dama a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya buɗe kwanon, tururi ya tashi. Ya yi bisimilla, ya yanki loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya tauna ya haɗiye, ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku, alhali ana sake sallama, ana buga ƙyauren da tafin hannu.

Sannan ya mayar da murfi, ya miƙe, ya gyara hularsa.

Ya ce, "Zauna nan. Ka kula da shi kada ya huce, ban gama ba."

Ya buɗe ƙyaure daidai faɗin jikinsa, ya fita, ya ja shi ya rufe. Munkaila ya matso ya rungume kwanon da hannu biyu, zafinsa na ratsa tafinsa. Ta ƙarƙashin ƙofa yana ganin ƙafafu, na dattawa a gaba, na samari a baya, kuma wasu na ƙara zuwa. A tsakaninsu da ƙofar babu komai sai tsofaffin silifas ɗin ubansa.